Sai Kaluluwa Ta Fito

Abin da zan faɗa a cikin gidanmu ya faru, waɗanda suka aikata shi kuwa yayyena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce ƙiyayya ce ta buɗe mini baki. Baƙo shi ne babba, shi ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar mahaifinmu. Mutari ke bi masa. Ni Halimatu ni ce auta, ina aure a gidan da ke jikin namu, kuma ni ce ungozomar ƙauyenmu, Gidan Ɗanbaba, a ƙasar Hawandawaki. Kwana goma aka koyar da mu a likitar Tasawa, wato asibiti, aka ba kowace ɗan akwati da almakashi da sabulu, aka ce mu koma gida mu taimaki mata. Wadda na kasa taimaka wa ita ce Bintu, matar Mutari, wadda dannin kara kawai ya raba ɗakina da nata.

Shekara ta shida da samun mulkin kai kowa ya haukace a kan gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya ɗora kwano a kan ɗaki, ko ya rataya rediyo a zaure, hankalinsa ba ya sake kwanciya. Baƙo ya sare har saurar da ake kiwo a bayan gari ya shuka, ya kuma ci rabin gonar hatsi. Gonar ta fi ƙarfin hannayen gidan, kowa ya san haka, har shi. Abin da ya ba shi ƙarfin hali Bintu ce, don ita kaɗai tana yin aikin mata uku. Ba ta da surutu, ba ta da ƙorafi. In ta zauna tsinkar gyaɗa ba ka jin komai sai ƙarar kwanso yana faɗawa cikin masaki.

Wata safiya damina ta fara ja da baya, na zagaya bayan ɗakinta neman kazata, sai na ga tsummoki a shanye ƙasa-ƙasa jikin danni, inda ido ba ya kaiwa. Kwana goma da suka wuce ma na gan su a nan. Na same ta tana tankaɗe.

"Matar Yaya, wanga wata naki ba ya ƙarewa ne? Ko dabarar hutun salla kika samo?" na ce da ita, cikin wasan da muka saba.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rariya ta dubi ƙofa. "Halima, ruhwa min asiri. Ba na wata ba ne. Tun bazara nike hwama da shi. In na ɗauki tulu shi zubo, in na duƙa shi zubo. In kuma shi ya zo ɗaki, wanshekare sai na sake tabarma."

"Kin hwaɗa mishi?"

"In ce mi? Ɗiya bakwai na haihwa a gidan ga, yanzu ne zan buɗa baki in yi zancen jini da namiji?"

Na yi wa gidan ƙarya. Na ce za ni Tasawa a cika mini akwati, ina son rakiya. Muka hau motar kasuwa ranar da na san likita Bature, da muke ce wa lokotoro, yana zuwa daga Damagaram, sau ɗaya a wata. Bintu ta rufe fuskarta da gyale har ya gama duba ta, ni ina riƙe da hannunta. Da ya wanke hannu ya daɗe yana magana da Faransanci, majo Iliyasu, babban ma'aikacin likitar, yana gyaɗa kai. Sannan majo ya jawo kujera ya zauna kusa da mu.

"Bon, to, ku saurara da kyau," ya ce. "Ciwon daji ne, a bakin mahaihwa. Kun san kaluluwa, wadda ke hitowa a gindin cinya ko a hammata? To akwai irinta da yawa can cikin ciki, a jere, inda hannu ba ya kaiwa. Wanga ciwo ta nan yake bi, daga wannan shi tsallaka waccan. Muddin bai kama su ba, in anka yi aiki anka cire mahaihwa, mata da yawa na tashi su ci gaba da zamansu. In ya kama na kusa, sa'a ta ragu. In kuwa ya yi nisa har kaluluwa ta hito waje ana taɓa ta, wuƙa ba ta da sauran amhwani."

"Nata hwa?" na tambaya.

"Lokotoro ya ce a yadda hannunshi ya ji, bai bar mahaihwa ba tukuna. Ya ce ku same shi Damagaram cikin mako biyu, kada ku wuce. Mijinta shi zo shi sa hannu, da namiji guda cikin dangi, su biyu su ba da jini."

A hanya Bintu ta yi mini tambaya ɗaya tak: mako biyu ya kai lokacin tugun gyaɗa ko bai kai ba. Na ce ya kai.

Bayan la'asar na tara su a tsakar gida, Baƙo da Mutari da Innarmu. Bintu ta durƙusa can nesa jikin rumbu. Baƙo yana ɗaure ƙotar hauya, bai ɗaga kai ba sai da na kai ƙarshe. Ya fara da abin da na san zai fara da shi, wato wa ya ba mu izinin zuwa likita, da kuma ko namiji ne ya duba ta. Na haɗiye wannan. Sai ya ajiye hauyar.

"Tsaya, Halima. Bature ya ce sai ciwon ya kai ga kaluluwa abin ke ɓaci?"

"Haka ya ce, Yaya."

"Ke Bintu, kina da kaluluwa?"

"A'a, Yaya."

"To, alhamdu lillahi. Da sauran lokaci ke nan. A tuge gujiya, a tsinke, a kai awo. In kaluluwa ta hito kahin nan, ni da kaina zan ɗauke ta in kai."

"Ba haka maganar take ba, Yaya. In ta hito an riga an makara. Akwai na ciki, waɗanda ba a gani."

"Abin da ba a gani Allah ya bar ma kanshi sani. Kwana goma kika yi a likita kin dawo kina koya muna gaibu."

Na juya wajen Mutari, don matarsa ce. Yana ta zane ƙasa da tsinke. Mutari ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Mutum ne da tunda aka haife shi bai taɓa cewa a'a a gaban Baƙo ba. "Jini hwa sunka ce," ya ce a hankali. "A ɗebi jinin mutum ana gobe tugu? Wa za shi riƙa hauya?"

Inna kuwa mahaifar ce ta tsaya mata a rai. "A hwarke mace a cire mata mahaihwa, a maido muna mi? Ni ban taɓa jin haka ba a zuriyarmu."

"Inna, bakwai ta haihwa maku. Mi kuke jira ta ƙara?"

"Ki iya bakinki," Inna ta ce.

Ba wanda ya tambayi Bintu. Ita da kanta ta ce, "Yadda kunka ce," ta tashi ta tafi ɗora tukunya.

Aka shiga tugu. Maza na tugewa suna tarawa tsibi-tsibi, mata na zaune a rana suna tsinkewa. Bintu takan zo da tsohon buhu ta ninka shi huɗu ta zauna a kai. In za ta tashi sai ta jira kowa ya juya baya, ta tura rairayi da ƙafa ta rufe wurin. Ciwon ƙugu ya fara. Takan danna dunƙulen hannu a bayanta ta ci gaba da tsinka da ɗayan. Mako biyun Bature suka wuce ranar wata Talata, ba wanda ya kula sai ni da ita. Na je wa Baƙo, ya ce bari a gama tugu. Aka gama tugu na koma, ya ce bari a gama tsinka, gara na cin ta a ƙasa. Aka gama tsinka, ya ce ɓara fa, ko ni zan ɓare masa. Kowace magana tasa tana da gaskiya a jikinta: gara na ci, hannu ya yi kaɗan, kasuwar awo ba ta jiran kowa. Haka ake kashe mutum a gidajenmu, ba da sanda ba, da dalilai masu kyau, ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da na fito daga zaurensa sai in ji kamar ni ce marar hankali.

Sai ƙafarta ta hagu ta fara kumbura. Da farko idon sawu ne, daga baya ta haura gwiwa, ta yi sheƙi, in ka danna yatsa ramin ya daɗe bai cike ba. Wata ranar Juma'a da hantsi ta kira ni ta cikin danni. Na shiga, ta kama hannuna ta ɗora a gindin cinyarta. Ga ta nan, kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata, mai tauri, ba ta motsi, ba ta kuma yi mata zafi. Na taɓa kaluluwa ba iyaka a aikina, ban taɓa jin mai irin wannan taurin ba. Ita kuwa, abin tausayi, har fuskarta ta ɗan saki.

"Ta hito, Halima. Yanzu Yaya za shi kai ni."

Na sami Baƙo yana alwala. "Yaya, ta hito. Ka ce da kanka za ka ɗauke ta."

Ya gama wanke ƙafarsa a tsanake, sannan ya kira Inna ya ce ta je ta duba tafin sawun Bintu. Inna ta je ta dawo tana kaɗa kai. Diddigen duk faso ne, kuma akwai wani baƙin ɗigo a gefe.

"To ka ji," Baƙo ya ce. "Kowa a ƙasar ga ya san kaluluwa daga ƙahwa take zuwa. Yaro ma in ya taka ƙaya, wanshekare sai ta hito mishi. Wagga ba ta Bature ba ce, ta ƙaya ce. A kira Gajere."

Gajere wanzamin garinmu ne, mutumin kirki, ya yi abin da ubansa ya koya masa. Ya zauna ya ɗora ƙafar a cinyarsa ya yi ta tonon diddigen da aska har ya fito da ƴar ƙaya, wadda ba ta kai ƙwayar gero tsawo ba. Wace macen da ta yi wata biyu a gona ba takalmi za a tona diddigenta a rasa ƙaya? Amma Baƙo ya ɗora ta a tafin hannunsa yana nuna wa duk wanda ya shigo. Gajere ya yi tsaga a kan kumburin ya kafa ƙaho, ya ja baƙin jini, daga jikin matar da jininta ke zuba tun bazara. Ya ce cikin kwana uku za ta sace. Bintu ta yi masa godiya.

Ba ta sace ba. Ta biyu ta fito kusa da ita, wurin tsagar kuma ya ƙi warkewa. Jinin ya koma wani ruwa mai wari da sabulun akwatina ya kasa kashewa. Mutari ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, ya ce zafi ne ke damunsa, alhali sanyi ya shigo. Inna ta hana ta taɓa tukunya da tulun sha. Ƙaramin ɗanta aka kai shi gidan ƴarta ta fari a Koona. Daga nan aka ce don ta samu hutu gara a mai da ta tsohon ɗakin da ake tara harawa, can ƙarshen gida kusa da turken awaki. Ni na share shi, ni na kai mata tabarma, ina kuka ina sharewa.

Hutun da aka ce kuwa, kowace safiya sai a dire mata kwandon gyaɗa a bakin ƙofa. Baƙo ya ce injin ɓara layi ya yi masa yawa, kuma yana farfasa ƙwaya. "Ƙahwa ce ke ciwo," in ji shi, "hannu ai lahiya lau. Zama haka nan ma shi ke ƙara ma mutum tunani." Sai ta jingina da bango, ta miƙe kumburarriyar ƙafar, ta yi ta ɓara tun hantsi har rana ta faɗi. Ba a shiga ɗaukar ƙwaryar da take zuba ɓararriyar gyaɗar. Sai ta turo ta waje da sanda. Abin da ya hana su cin tuwon hannunta bai hana su zuba gyaɗar hannunta a buhu ba.

Na gaji. Na je na sami Hammadu, Bafillacen da muke sayen nono a rugarsu, ya yarda ya ba mu amalanken shanunsa ya kai mu bakin hanya. Na shiga na gaya mata ta shirya.

"Shi ya ce in tahi?" ta tambaya.

"Bai ce ba. Mu tahi, in ya so su biyo mu."

"Halima, in na mutu a hanya hwa? In tahi gaban Allah ina hita ba da izinin miji ba? Shekara ashirin da huɗu ban taɓa ba. Kuma ko mun je, wa za shi sa hannu?"

Na bi Mutari har gona, inda yake ɗaure harawa shi kaɗai. A nan na manta da cewa yayana ne. Na ce masa matarsa tana ruɓewa a ɗakin awaki yana ɗaurin ciyawa. Ya zauna a kan dami ya rufe fuska, hawaye na bin yatsunsa.

"Kin san Yaya," ya ce. "Na taɓa mishi zancen, ya ce in na bar aiki na tahi, in na dawo in ware nawa gandu. Da ɗiya bakwai, Halima, ina zan sa kaina? Saura kaɗan a gama. Ki ce mata ta ƙara haƙuri."

Akwai abin da ya rage in yi. Bintu tana da wa a Korgom, mutum mai zafi, wanda da ya ji da ya zo ya ɗauki ƙanwarsa ko da faɗa. Na ɗaura niyyar aika masa. Inna ta ji, ta kira ni ɗakinta, ta ce duk ranar da na kai zancen gidanmu waje aka yi da ƴaƴanta a kasuwa, ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Na ji tsoro. Ban aika ba. Wannan laifin nawa ne, ba na Baƙo ba, kuma da shi nake kwana nake tashi har yau.

Aka gama ɓara, aka ɗinke buhuna. Ranar da babbar mota ta zo kwasa zuwa Tasawa ta dace da zuwan Bature, wata huɗu cif bayan ganinsa na farko. Baƙo ya shigo da sabuwar riga, fuska a sake. "Ku shirya ta," ya ce. "Na yi alkawari, ga shi na cika." Ba ta iya tsayuwa, maza huɗu suka ɗaga ta da tabarmarta suka ɗora a kan buhunan. Baƙo da Mutari suka shiga gaba kusa da direba. Na zauna kusa da ita na riƙe kanta, duk ramin da motar ta faɗa sai ta cije gefen gyale. A ƙarƙashinta akwai buhu goma sha ɗaya da ta ɓare da yatsunta.

Bature ya gane ta. Ya dube ta, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Bai ma daɗe ba wannan karon. Ya taɓa ƙafar, ya taɓa gindin cinyar inda tabon ƙaho yake, sannan ya sa yatsu biyu a ramin da ke saman ƙashin wuyanta na hagu ya tsaya. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Akwai wata a can ma, ƙarama, mai tauri, wadda ko ita ba ta san da ita ba.

Majo Iliyasu bai jawo kujera ba. Ya ce ciwon ya bi kaluluwar ciki duka ya haura har wuya, ba aikin da za a yi, ko Damagaram ko Yamai. Za a ba mu maganin rage zafi mu koma gida.

Bintu ba ta rufe fuska ba yau. "Malam majo," ta ce, "tambaye shi. Da na zo lokacin da ya ce hwa?"

Majo ya yi kamar ba zai juya maganar zuwa Faransanci ba. Ta ce, "Don Allah." Ya juya. Bature ya amsa a taƙaice.

"Ya ce ba wanda ke iya yi ma rai alkawari. Amma waɗanda ya yi ma aiki a irin wancan lokacin, mahi yawansu suna gidajensu."

Ta lumshe ido, ta buɗe. "A kira min shi. Shi ji da kunnenshi."

Aka kira Mutari. Ya shigo yana murza hula a hannu. Majo ya maimaita masa duka, bai rage ko kalma ba, har da zancen wata huɗu. Bintu na kallonsa. Ya juya ya fita. Baƙo na zaune a inuwar da ke ƙarƙashin tagar ɗakin, kuma tagar a buɗe take, muryarsa ta shigo tar.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce ba su iyawa, Yaya."

"Ka gani? Da ma na sani. Da mun biye ma Halima da tuni mun yi asara biyu, ba gujiya, ba lahiya. Kwana in ya ƙare ba Baturen da ke ƙara shi."

Na tsaya ina jiran abin da Mutari zai ce. Ita ma shi take jira. Na ga yadda ta ɗaga kai daga matashi.

"Haka ne, Yaya," ya ce.

Ta mayar da kanta. A hanyar komawa motar ba kaya, muka zauna a kan ƙarfe, na rungume ta don kada ta buge. Mun wuce rabin hanya sannan ta yi magana, dab da kunnena. "Ba mutuwar ke damuna ba, Halima. Na ɗauka in ya ji da kunnenshi za shi ce wani abu."

Ta ƙara kwana talatin da bakwai. Maganin ya ƙare a na goma sha biyu. Ba zan faɗi yadda sauran suka kasance ba, don ba ni da ƙarfin faɗa, sai dai in ce ƴarta ta zo daga Koona muka riƙa juya ta mu biyu, kuma mata masu zuwa gaisuwa daga bakin ƙofa suke tsayawa, gyale a hanci. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, ana buga kusoshin kwano a kan sabon ɗakin Baƙo. Aka ce wa magini ya dakata. Ni na yi mata wanka. Ban da ƙafar, sauran jikin ni kaɗai na iya ɗaga shi.

Zaman makoki ya cika, don shekarar ta yi kyau kuma Baƙo ya zama mutumin da ake zuwa gidansa. Ina daga bayan danni wajen mata, ina jin zancen maza a ƙofar gida. Duk wanda ya zo sai Baƙo ya jero masa: an kira wanzami, an yi rubutu, an ware mata ɗaki don ta huta, an hana ta girki, an ɗauke ta a mota har gaban Bature. Wan Bintu ya zo daga Korgom, idonsa ja, ya zauna ya saurara har ƙarshe. Sannan ya miƙa wa Baƙo hannu biyu.

"Allah shi saka maku da alheri," ya ce. "Kun hita hakkinta."

Maza suka amsa baki ɗaya, "Wallahi sun hita."

Zira'i uku ne tsakanina da shi. Danni ne kawai, na kara, ko tari na yi zai ji. Inna na gefena, ta ɗora hannu a kan gwiwata, ba ta ko dube ni ba. Wata mata ta durƙuso ta ce mini, "Halima, ya haƙuri? Ke kam kin yi ƙoƙari." Na ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa," kamar yadda ake cewa, na karɓi gaisuwata tare da kowa.

A ƙauyukanmu, daga Tasawa har Mayahi, in mace ta mutu da irin wannan ciwo sai a ce ta sha jinya, Allah ya sa kaffara ce. Ba mai tambayar ranar da aka fara sani, ba mai tambayar me ake jira. Jinin mace abin kunya ne a faɗa, amma zubarsa wata da watanni a gaban mutanen gida bai zama abin kunya ga kowa ba. An yi mana alkawarin likita da mulkin kai, kuma likitan ya zo, ya duba, ya faɗi gaskiya, ya ba da rana. Tsakanin Bintu da wuƙar da za ta iya cetonta ba nisa ba ne, ba rashin mota ba ne, ba jahilci kaɗai ba ne. Maza biyu ne da tsohuwa ɗaya, da kuma ni, da muka ga aikin hannunta ya fi ranta gaggawa.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ban koyi rubutu don komai ba sai don in sa wannan a takarda, tunda bakina ya kasa a ranar da ya kamata. Wan Bintu ya rasu yana yi wa yayyena addu'a. Har ya koma ga Allah yana cewa sun fita hakkinta. Ba su fita ba. Ni ma ban fita ba.